Masu bin sawun tashoshin rediyo

Sau biyu a kowace shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris da ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, akan yi wata babbar ƙaura a duniya wadda ba a ɗaure kaya, ba a hau mota, ba a kuma ga ƙura. A waɗannan ranaku ne gidajen rediyo masu watsa shiri a kan gajeren zango ke sauya mitocinsu. Mai sauraro a Tasawa ko Madawa sai ya murɗa akwatinsa zuwa inda ya saba samun labaran safe, ya tarar ba kowa sai shuuu, ko kuwa ya ji wani baƙon harshe da bai san gabansa da bayansa ba. Wani ya ɗora wa pil laifi, wani ya ce anten ne ya lalace, wani har ya kai akwatin wurin mai gyara, alhali kuwa akwati lafiyarsa lau: tashar ce ta tashi.

Akwai wasu mutane warwatse cikin duniya da waɗannan ranaku biyu ke zame musu kamar ranar girbi ga manomi. Tun jajibere sukan tanadi kaye da alƙalami, su daidaita agogo, su kwana kunne a jikin akwati, suna bin tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya: wacce ta tashi, ina ta sauka, wa ya gaje gurbinta. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba mai biyansu ko dala. Sha'awa ce kurum, irin ta mai kiwon tantabara. A tsakaninsu suna kiran kansu ƴan DX, haruffa biyu da suka gada daga masu buga waya na zamanin da, masu nufin nisa. A wannan mako za mu duba yadda suke aikinsu, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu da rediyo ya zame mana abokin shan shayi da abokin zuwa gona.

Me ke tada tasha daga gurbinta?

Da farko mu warware maganar mita, tun da kullum muna jin ana cewa mita 19, mita 25, mita 31. Kowace tasha tana da gurbi a kan allon akwati, gurbin nan kuwa ana iya faɗinsa ta hanya biyu: da kilohaz, wato yawan kaɗawar igiyar rediyo, ko da mita, wato tsawon igiyar. Lissafin ba wuya: a raba 300,000 da adadin kilohaz, abin da ya fito shi ne mita. Tashar da ke kan kilohaz 9705 tana cikin mita 31 ke nan, wadda ke kan 15,400 kuwa tana cikin mita 19. Sai dai mita 31 unguwa ce babba mai gidaje da yawa, kilohaz shi ne lambar ƙofa. Dalili ke nan ƴan DX ba su yarda su tsaya ga faɗin mita kaɗai.

Muryar da ake watsawa a gajeren zango sama take tashi. Can bisa, daga kimanin kilomita 60 har fiye da kilomita 300, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cikawa da lantarki, masana na ce masa iyonosfer. Murya takan daki rufin nan ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, wani lokaci ta sake tashi ta sake dawowa kamar ƙwallo, har ta tsallake teku. To, rufin nan ba ya zama wuri guda. Da rana yakan yi kauri, sai mita 13 da 16 da 19 su yi aiki. Da dare yakan saki, sai a koma mita 31 da 41 da 49. Yadda yake a lokacin zafin Turai daban, yadda yake a lokacin sanyinsu daban. Bugu da ƙari, ita kanta rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda ƙarfinta ke hawa ya sauka. Zagaye na 25 ya soma a watan Disamba 2019, masana a Amurka kuma suka ba da sanarwar ya kai ƙololuwarsa a watan Oktoba 2024. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya: mitar da ta kai murya Damagaram a bara tana iya kasawa a bana.

Don kada kowa ya faɗa gonar wani, tun daga 1990 manyan gidajen rediyo suka kafa wani zama da ake kira HFCC, mai ofishi a birnin Firag, inda injiniyoyinsu ke haɗuwa sau biyu a shekara su raba mitoci. Jadawalin da ke somawa a Maris ana sa masa harafin A, wanda ke somawa a Oktoba harafin B, a haɗa da shekara. Amma abin da ke kan takarda daban, abin da ke cikin iska daban. Wata tasha takan kama gurbi ba ta taɓa hawansa ba, wata ta hau ba ta gaya wa kowa ba, wata kuma bayan kwana uku ta gusa saboda maƙwabciya ta danne ta. A nan ne kunnen ɗan DX ke shigowa.

Ban da wannan ƙaura ta shekara-shekara, tarihi ya ga wasu manya. Ranar 29 ga Maris 1941, da ƙarfe uku na dare, tashoshin matsakaicin zango kusan 800 daga cikin kusan 900 da Amurka ke da su suka sauya gurbi lokaci guda, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da Kanada da Meziko da Kuba da sauran maƙwabta. Ranar 23 ga Nuwamba 1978 kuma aka soma aiki da tsarin da aka amince da shi a Janeba a 1975, wanda ya jera tashoshin matsakaicin zango na Turai da Afirka da Asiya a kan tazarar kilohaz tara-tara. Mai karatu na iya gwadawa da kansa: 1125 da aka san Yamai da ita, da 594 da aka san Kaduna da ita, duk suna rabuwa da tara ba saura. A Ingila, BBC har ƴan takardu masu manne ta raba wa gidaje a wannan shekara, don mutane su liƙa a allon akwatinsu su gane sababbin guraben. Nahiyar Amurka kuwa ta tsaya a kan tazarar goma-goma, wannan bambanci kuma ya zama alheri ga ƴan DX: wanda ke Turai ko Afirka in ya tsinci murya da dare a kan 880, ya san daga hayin teku ta zo. Daga baya-bayan nan, ranar 29 ga Maris 2009, aka tashi gidajen rediyo daga tsakanin kilohaz 7100 da 7200 aka bar wa ƴan rediyon sha'awa masu hira da juna, mitar 7155 da aka daɗe ana samun Muryar Sahel a kanta kuwa tana cikin yankin da abin ya shafa.

Suna ma ba ya dawwama

In gurbi na sauyawa, ai sai a riƙe suna. To, shi ma sunan ba shi da tabbas. A wasu ƙasashe, musamman Amurka da Kanada da Meziko, kowace tasha tana da haruffan kira da hukuma ta ba ta, abin da ake ce wa indicatif da Faransanci. Haruffan farko suna nuna ƙasa, bisa rabon da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta yi. Nijar 5U aka ba ta, Najeriya 5N, Gana 9G, duk wanda ya lura da jikin jirgin sama ya taɓa ganinsu. A Amurka tashoshin gabashin kogin Misisipi da W suke somawa, na yamma da K, ban da ƴan tsofaffi irin su KDKA ta Pitsbag, wadda ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a watan Nuwamba 1920, tana gabas amma ta riƙe K ɗinta.

Mu ɗauki birnin Niyu Yok mu ga yadda abin ke rikita marar kaye. Akwai tashar da ake kira WABC a kan kilohaz 860. A ƙaurar 1941 ta koma 880. A 1946 ta ajiye sunan ta zama WCBS. A 1953 wata tasha daban, mai suna WJZ a kan 770, ta ɗauki sunan WABC ɗin da aka ajiye. Ita kuwa WCBS ta riƙe sunanta har watan Agusta 2024, lokacin da aka rufe shirinta na labarai, gurbin 880 ya koma na wasanni da sunan WHSQ. Maƙwabciyarsu ta kan 660 ta fi su yawan suna: WEAF ce har 1946, ta zama WNBC, ta zama WRCA a 1954, ta koma WNBC a 1960, sannan WFAN ta gaje gurbin a 1988. Yanzu in ka tsinci tsohuwar takarda da aka rubuta "na ji WABC" ba kwanan wata, wace tasha ke nan? Ba mai iya faɗa maka. Dokar Amurka ta wajabta wa kowace tasha ta faɗi haruffanta da sunan garinta a kan kowace sa'a, shi ya sa in agogo ya kusa cika ɗan DX ba ya ko tari.

Afirka ma ta san haruffan kira. Gidan rediyon Gana da sunan ZOY ya soma a Akara a 1935. Laberiya na da ELWA tun 1954. A Adis Ababa akwai ETLF, Muryar Bishara, wadda ta soma a 1963, gwamnatin soja ta ƙwace ta a 1977 ta sauya mata suna. Inda ba a aiki da haruffa kuwa, siyasa ke raɗa suna ta sake raɗawa. Rediyo Mosko ya zama Muryar Rasha a 1993, aka maye gurbinsa da Sputnik a 2014. Rediyo RSA na zamanin wariyar launin fata ya zama Channel Africa a 1992. Rediyo Pekin ya zama Rediyo Beijin a 1983, sannan Rediyon Sin na Duniya a 1993. Rediyon Balin ta Gabas ya yi sallama ranar 2 ga Oktoba 1990, a jajiberen haɗewar Jamus. A nan gida, Rediyo Nijar da aka buɗe a 1958 shi ne ya zama Muryar Sahel a 1974. Wanda ya bi sunayen nan a jere, ya karanta tarihin duniya ba tare da ya buɗe littafin tarihi ba.

Yadda ake rubuta kayen

Kayen ɗan DX ba shi da ado. Kowane layi yana ɗauke da kwanan wata, da lokaci, da kilohaz, da sunan tasha, da harshe, da abin da aka ji, da ingancin ji. Lokaci da agogon GMT ake rubuta shi, wanda yanzu ake kira UTC, domin wanda ke Japan da wanda ke Burazil su fahimci juna. Agogonmu na gaba da shi da sa'a ɗaya, saboda haka abin da ka ji da sha biyu da rabi na daren Talata wayewar Laraba, a kaye 2330 ne, kuma ranar Talata. Wannan ƴar sa'a ɗaya takan ɓata rahoto gaba ɗaya in ba a kula ba.

Ingancin ji da maki biyar ake auna shi, tsarin da suke kira SINPO, kowane maki daga 1 zuwa 5: ƙarfin murya, kutsen wata tasha, ƙarar iska, ɗaukewa da dawowa, sai jimilla. In ka ga 55555, tasha ta fito tas kamar tana cikin ɗaki; in ka ga 22322, mutum ya sha wuya kafin ya tsinci kalma. Suna da ƴan alamomi kuma. Tauraro gaban lokaci yana nufin a nan tasha ta buɗe, tauraro bayan lokaci a nan ta rufe. Sanda biyu a karkace na nufin ana jin shirin nan a wata mita lokaci guda. In tasha ta yi ƙaura, sai a rubuta sabuwar mita, a bi ta da kalmar ex da tsohuwar. Haka ake yi wa sabon suna. Ba a goge tsohon layi, ba a yi masa kwaskwarima. Sabon layi ake ƙarawa a ƙasa, da ranarsa.

Amma abin da ya fi burge ni a wannan sana'a tasu shi ne yadda suke raba sani da zato. Tasha hawa uku ce a wurinsu. Akwai wadda aka tabbatar, wato an ji ta faɗi sunanta da bakinta. Akwai wadda ake kyautata zato, domin mita da lokaci da harshe duk sun yi daidai da jadawali, amma ba a ji suna ba. Ita wannan dole a rubuta a gefenta cewa zato ne. Akwai kuma wadda ba a gane ba, sai a rubuta abin da aka ji, a miƙa wa abokai ko wani zai warware. Wanda ya mai da zato tabbas, in aka kama shi sau biyu, ba a sake ɗaukar rahotonsa da daraja.

Wannan tsanani yana da dalili, ƙasarmu ma misali ce. Shekaru da yawa Muryar Sahel da Rediyon Habasha sun zauna kusan a gurbi guda, wajen kilohaz 9705. A kan 5020 kuma, inda Yamai ta daɗe tana watsawa, akwai gidan rediyon tsibiran Sulaiman, can cikin tekun Fasifik. Baturen da ke zaune a Jamus ko Suwidin, in ya ji wata siririyar murya da kiɗa a kan 9705, ba shi da ikon rubuta Nijar sai ya tantance: Faransanci ne ko Amharanci, Hausa ce ko Zabarmanci, wane take aka busa wajen rufewa, ƙarfe nawa aka buɗe. Sukan haddace kiɗan da kowace tasha ke sawa kafin ta buɗe, kamar kukan tsuntsun da aka san Rediyo RSA da shi. Sukan kuma auna ƴar karkatar da injin watsawa ke yi daga lambarsa, domin tsohon inji yakan zauna ɗan sama ko ɗan ƙasa da gurbinsa, har wannan ya zame masa kamar tsagar fuska.

In an tabbatar, sai a rubuta wa gidan rediyon wasiƙa, a faɗi rana da lokaci da mita da abin da aka ji dalla-dalla. In injiniya ya duba ya ga gaskiya ne, sai ya aiko da kati mai shaida, wanda ake kira QSL. Tasha ta san inda muryarta ke kaiwa, mai sauraro ya sami hujja. Katin tashar da ta mutu ko ta sauya suna kuwa ya fi kowane daraja a wurinsu, tun da ba za a sake buga irinsa ba.

Daga kaye zuwa kundi

Kaye ɗaya ba ya wadatarwa, sai an haɗa. A Amurka ƙungiyar National Radio Club, wadda aka kafa a 1933, ta shahara da kundinta na tashoshin matsakaicin zango, inda ake bin kowane sauyin haruffa da na mita. A 1947 wani ɗan Danmak, O. Lund Johansen, ya fito da littafin da ya zama World Radio TV Handbook, kundin shekara-shekara na tashoshin duniya; mawallafansa na Ingila sun ajiye aikin bayan bugun 2022, wani kamfanin Jamus ya ɗauka daga bugun 2023. A 1948 Arne Skoog ya soma wani shiri a Rediyon Suwidin wanda masu sauraro ne ke aiko masa da labarin abin da suka ji. Wata ƙungiyar Danmak da ta rayu daga 1956 zuwa 2016 ta riƙa fitar da jerin tashoshin cikin gida na ƙasashe irin namu, tana ware wadda ake ji kullum, da wadda ake ji jifa-jifa, da wadda aka daina ji.

Kayan aiki sun sauya ƙwarai. A yau akwai akwatin da ake haɗawa da kwamfuta ya naɗe zango sukutum, dukan tashoshin da ke cikinsa lokaci guda, mutum ya zo daga baya ya bi su ɗaya ɗaya, har ya yi watanni yana tankaɗe abin da ya naɗa a dare guda. Akwai kuma akwatunan da masu su suka jona da intanet, irin na jami'ar Twente a Holan, wanda kowa ke iya murɗawa daga inda yake. Ƴan Finlan kuwa sukan tafi can ƙuryar arewa cikin tsananin sanyi, su shimfiɗa waya mai tsawon kusan kilomita guda a daji, don su tsere wa ƙarar lantarkin birni. Da duk wannan ci gaba, ƙa'idar ba ta gusa ba: rana, lokaci, mita, da shaidar suna.

Wani zai ce wannan ai wasan masu ƙoshi ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu, masu sauraro irin waɗannan ne suka riƙa kama sunayen fursunonin yaƙi da gidajen rediyon abokan gaba ke karantawa, su rubuta, su aika wa iyalansu cewa ɗansu na da rai. Arthur Cushen na ƙasar Niyu Zilan, wanda daga baya ya rasa ganinsa amma bai bar sauraro ba har rasuwarsa a 1997, da wannan aiki ya yi suna. Kayen irin waɗannan mutane ne kuma ke riƙe da ranar da muryoyi suka ɗauke: Rediyon Kanada ya bar gajeren zango a 2012, tashar Muryar Jamus ta Kigali ta rufe a 2015, Rediyon Ostareliya ranar 31 ga Janairu 2017, tashar Meyerton ta Afirka ta Kudu a 2019. Da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022 kuwa, BBC gajeren zangon nan da ake yi wa kallon tsohon yayi ta koma wa, ta buɗe mitoci biyu don mutanen can.

Mu fa?

Da wuya a sami al'ummar da ta kai Hausawa riƙon rediyo. BBC ta soma Hausa a 1957, Jamus da Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ba don komai ba sai don sun san akwai kunnuwa. Ƙungiyoyin masu sauraro sun cika garuruwanmu, wasiƙunsu na gaisuwa sun cika jakunkunan gidan waya. Akwai dattijon da in ka ba shi akwati cikin duhu, da ɗan yatsa kaɗai zai kai ka tashar da kake so. Sai dai ilimin nan a yatsa yake da ka, ranar da mai shi ya kwanta dama, ya tafi da abinsa. In ɗalibi ya tashi yau yana son sanin wace shekara aka daina jin Yamai a kan mita 60, ko yaushe wata tashar FM ta garinsu ta gusa daga gurbinta, mafi sauƙin hanyarsa ita ce ya nemi abin da wani baƙo ya rubuta a Danmak ko Finlan. Tun tsakiyar shekarun 1990 da aka buɗe ƙofa ga rediyo masu zaman kansu, tashoshi nawa aka buɗe, nawa suka sauya suna ko mita, nawa suka yi shiru? Kowa ya san kaɗan, kowa kuma da irin tunawarsa.

Ba maganar tarihi kaɗai ba ce. A watan Agusta 2023 an dakatar da RFI a Nijar, a watan Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, a watan Maris 2025 kuma gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da shirye-shiryen Muryar Amurka. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, murya na iya ɗaukewa dare ɗaya, ta dalilin rana ko kuɗi ko hukuma, jita-jita kuma ta cike gurbin. A irin wannan rana, mutumin da zai iya buɗe kaye ya ce ranar kaza, ƙarfe kaza, a mita kaza na ji ta, washegari ban ji ta ba, ya fi mai cewa "an ce" amfani ga jama'a. Mu ma ƴan jarida da za mu ari wannan ɗabi'a ta raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato, da an rage ƙura a gari.

Abin kuwa ba ya son dukiya. Akwati mai gajeren zango, in da hali mai nuna lamba, kaye mai shafi 100, bik, agogo mai gaskiya, sai waya mai tsawon taku ashirin da za a ɗaura a reshen dogon yaro a naɗa bakinta a jikin anten, a kuma cire ta da zarar hadari ya taso. Shirun da ɗan Finlan ke biyan kuɗin jirgi yana nema, mutumin ƙauyen Dakwaro ko Tanut yana da shi kyauta kowane dare. Malamin lakwal na iya sa ɗalibansa su raba zango, waɗannan su ɗauki mita 49, waɗancan mita 31, wasu matsakaicin zango bayan isha, lokacin da tashoshin Najeriya da na Larabawa ke shigowa, a ga kuma abin da za su koya na lissafi da labarin ƙasa da harsuna kafin hutu. Ƙungiyar masu sauraro ta kowane gari na iya ajiye kaye guda na tashoshin FM ɗin da ake kamawa a wurin, a sabunta shi duk wata shida, a rubuta rana.

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, gaskiya ne kuwa, amma kunne na mantuwa, takarda ba ta yi. Lahadin ƙaura mai zuwa ba ta da nisa. Wanda ya soma tun yanzu, ya rubuta inda kowace tasha take kafin ranar, shi ne zai iya gaya mana inda ta koma bayanta. Duk wanda ya gwada, ƙofar wannan fili a buɗe take ga abin da ya ji, da sharaɗi ɗaya: ya faɗa mana wanne ya tabbatar, wanne yake zato.

Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.